Mai Wurno: Hijirar da Ta Kafa Gari a Sudan, da Abin da Ta Bar wa Jikoki

Kudu da birnin Sinnar kaɗan, a gaɓar yamma ta kogin Nilul Azraƙ, akwai wani gari da Larabawan Sudan suke kira Mayirno, mu kuma muke ce masa Mai Wurno. Wanda ya shiga kasuwarsa zai ji Fulatanci da Hausa da Larabci suna fita daga baki ɗaya, kuma har yau garin yana da sarkinsa, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ake kira Sultan. Yawancin garuruwa kasuwa ce take kafa su, ko ruwa, ko neman mafaka daga mahara. Wannan kuwa fatawa ce ta kafa shi. Duk mai son ganin yadda imani yake tayar da al'umma daga mazauninta ya sauya mata rayuwa gaba ɗaya, zai yi wuya ya samu misalin da ya fi wannan fitowa fili, da daɗinsa da ɗacinsa.

Tambayar da ta raba malaman Sakkwato

A watan Fabrairun 1903 sojojin Turawa suka ci Kano, ranar 15 ga Maris kuma Sakkwato ta faɗi. Tambayar da ta tsaya wa kowa a wuya tambaya ce ta fiƙihu: ya halatta Musulmi ya zauna a ƙarƙashin mulkin Nasara? Waziri Buhari, bayan ya yi shawara da malamai, ya zaɓi zama. Hujjarsa ita ce a yi musu biyayya da harshe ban da zuciya, tunda sun ce ba za su hana salla ba, kada a watse a bar talakawa babu jagora. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ga ba haka ba. Ya kama hanyar gabas.

Wannan zaɓi ba daga sama ya faɗo ba. Daular kanta da hijira aka kafa ta, lokacin da Shehu ya tashi daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma ya rubuta littafi sukutum a kan wajabcin hijira. Ban da wannan, akwai maganar da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta tashi ta nufi gabas, wajen kogin Nilu, ta haɗu da Mahadi. Maganar ta yi ƙarfin da sai da Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano tana jan kunnen masu gaggawar tashi, cewa lokaci bai yi ba. Da Muhammad Ahmad ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a tsibirin Aba a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a daga Balda ta ƙasar Adamawa. To, da Attahiru ya fita, mutane ba su ga sarkin da aka ci da yaƙi yana gudu ba. Sun ga alkawari yana cika.

Abin da ya biyo baya ya tsorata Turawa fiye da yaƙin Sakkwato. Ana gab da damina, manoma suka bar gonaki, malamai suka ɗaure littattafai a gafaka, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna, garuruwa suna zama kufai a duk inda ayarin ya ratsa. Ba zan ce kowa da niyya ɗaya ya fita ba. Akwai basaraken da yake tsoron a raba shi da bayinsa da sarautarsa, akwai talakan da ya gaji da haraji, akwai bawan da ba a ma tambaye shi ba. Amma babu wani abu a ƙasar Hausa ta wancan lokaci da zai iya ɗaure waɗannan mutane a tafiya ɗaya in ba addini ba. Shi ne ya ba tsoronsu suna mai daraja, ya nuna musu alƙibla.

A Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, aka tare su. Harin farko a watan Mayu bai yi wa Turawa daɗi ba. A na biyu, ranar 27 ga Yulin 1903, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, aka kuma kashe kwamandan Turawa, Manjo Marsh. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya tattara waɗanda suka tsira ya ci gaba da su. A cikin waɗanda suka fita daga wannan guguwa har da Alfa Hashim, na gidan Alhaji Umaru Futi, wanda ya zarce har Madina ya zama babban shehin Tijjaniyya a can. Mai Wurno da jama'arsa sai a 1906 suka iso ƙauyen Shaikh Ɗalha a bakin Nilul Azraƙ, inda dama akwai Fulanin da suka riga su zama. Daga nan suka tsallaka ruwa suka sari daji.

Ƙasar da suka tarar

Mahadin da ake begen haɗuwa da shi ya rasu tun 1885, 'yan watanni bayan ya ci Khartum. Daularsa kuma Ingila da Masar sun rushe ta a yaƙin Karari a 1898. Wato mutanen da suka yi shekara uku suna tafiya don kada su zauna a ƙarƙashin Nasara, Nasaran suka tarar a gabansu. Wannan abu yana taɓa ni duk lokacin da na tuna shi. Guzuri ya ƙare, an binne mutane da yawa a hanya, tsallaka Bahar Maliya kuma sai da kuɗi. Aka ce a ɗan tsaya a yi noma tukuna.

Turawan Sudan suna da nasu lissafi. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadiyya da yunwar da ake kira Sanat Sitta, ta shekarar 1306 bayan Hijira, sun rage mutane ƙwarai, ga ƙasa mai albarka babu masu nomawa. A gefe guda kuma suna tsoron mutanen yamma, wato baƙin da suke zuwa daga yammacin Afirka, don sun san a cikinsu Mahadiyya ta fi samun mabiya masu zafi, kuma daga baya Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi ya riƙa jan su zuwa gonakinsa na Aba. Samun ɗan Sarkin Musulmi da kowane baƙo daga yamma zai rusuna masa ya zo musu daidai. Suka ba shi ƙasa, suka amince da sarautarsa, shi kuma ya riƙa sauke baƙi yana kafa musu ƙauyuka a bakin kogi. Ana iya cewa a ƙarshe Mai Wurno ya koma kan ra'ayin Waziri Buhari ne, sai dai ya isa gare shi bayan ya ratsa rabin nahiya. Ni ban ga abin zargi a nan ba. Mutumin da dubban rayuka suke wuyansa, bayan ya ga abin da ya faru a Burmi, ba zai sake kai su bakin bindiga ba.

Yadda niyyar aikin hajji ta zama ƙarfin gona

Nan ne lamarin ya wuce tarihin gida ɗaya. Da labari ya koma gida cewa akwai garin ɗan Sarkin Musulmi a kan hanyar Makka, sai tsohuwar hanyar alhazai ta ƙara cika. Daga Kano zuwa Barno, a ratsa Wadai, a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a kai Al-Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso wajen 1912, sannan Kosti da Sinnar, har Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Talaka ba ya yin wannan tafiya a zama ɗaya. Yakan yi tafiya har kuɗi su ƙare, ya tsaya ya yi ƙwadago damina ɗaya ko biyu, ya sake tashi. Tafiyar takan ci shekaru, a haifi yara a hanya, a aurar da wasu.

A 1925 aka gama madatsar ruwan Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, tsakanin Farin Nilu da Nilul Azraƙ. An raba filayen ga manoma 'yan ƙasa, kowa da hawasharsa, wato gonar da aka yanka masa, ana raba kuɗin auduga tsakanin manomi da gwamnati da kamfanin Turawa. Amma auduga tana cin hannu, musamman lokacin tsinka, iyalin mai hawasha kuma ba za su iya su kaɗai ba. Alhazan hanya suka cike wannan gurbi, tare da mutanen Darfur da Chadi.

A duba irin ma'aikacin da niyyar hajji take ƙerawa. Ba ya shan giya. Ba ya kashe kuɗi a tufafi ko gini, don kowane ƙirshi na guzuri ne. Matarsa da 'ya'yansa suna cikin gona tare da shi. Wahalar da za ta sa wani ya yi bore, shi yana ƙirga ta cikin ladan tafiya, don an koya masa cewa gwargwadon wahalarka gwargwadon ladanka. Ba ya kai ƙara wajen hukuma, tunda a ganinsa shi baƙo ne mai wucewa. Masu gona ba su taɓa samun ma'aikaci irin wannan ba, kuma sun sani. Lokacin da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930 har wasu 'yan ƙasa suka watsar da hawashoshinsu, mutanen yamma aka ba su suka riƙe. Da kasuwa ta farfaɗo, kuma kishin ƙasa ya fara ƙarfi, sai ƙofar ta riƙa rufuwa. Mafi yawansu suka koma 'yan ƙwadago da 'yan noman raba-daidai, suna zaune a sansanonin da ake kira kambo a gefen magudanan ruwa.

Addinin da ya sa su haƙuri shi ne kuma ya riƙe su, wannan ba abin musu ba ne. Baƙon da ya sauka a Madani ko Gadarif ko Kasala ba ya kwana a waje. Akwai mai gida ko shehin unguwa da zai sauke shi, ya nema masa aiki, ya tsaya masa in ya yi rigima. Akwai zawiyar Tijjaniyya inda ake haɗuwa wazifa, kuma a nan ake jin wane ba shi da lafiya, wane matarsa ta haihu, wane ya rasu babu likkafani. Akwai makarantar allo. Mata suna cikin gida amma suna juya kuɗi, suna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da abincin sayarwa yara suna kai talla, suna zuba adashi. Malaman Hausa suka yi suna wajen rubutun sha da addu'a har Larabawa suna zuwa wajensu. Duk abin da gwamnati ba ta yi musu ba, masallaci ya yi. Hanya kuma ta ɗan rage tazarar da ke tsakanin ɗa da bawa, domin wanda ya taso daga gida ba shi da asali yana iya zama Alhaji ko Malam a Sudan, ba mai tono masa baya. A cikin garin Mai Wurno kansa dai gidan sarauta ya ci gaba da zama gidan sarauta, talaka kuma talaka.

Muna kan hanya

A wani kambo da ke kusa da Madani, kafin yaƙin da ya tashi a Sudan a 2023, na zauna da wani dattijo a ƙofar ɗakinsa na jar ƙasa da rufin kara. Ruwan da suke sha daga magudanar gona ake ɗebo shi, a zuba a randa ya kwanta. Babu wutar lantarki, ga turakunta kuwa ana hangowa a ƙauyen masu hawasha. Abin da ya fi kowane gini kyau a wurin shi ne masallaci, an share shi tas, an jera butoci.

Na ce, "Baba, a ina aka haife ka?"

Ya ce, "Nan Jazira. Mahaifina ma da goyo aka zo da shi daga ƙasar Katagum."

Na ce, "To Baba, duk shekarun nan ba a yi ginin bulo ba?"

Ya ce, "Ɗana, matafiyi ba ya gina soro. Mu muna kan hanya ne. Ranar da Allah ya kira mu ɗakinsa, sai mu tashi."

Jikansa, saurayi mai karatun sakandare, yana gefe yana gyara keke. Bai ɗago kai ba ya ce, "Kaka, ko mun so ginawa, ai filin ba namu ba ne. Ranar da muka ɗora bulo za a zo a rushe."

Duk nazarin da zan yi bai wuce abin da waɗannan biyu suka faɗa ba, kuma ban yarda a ce ɗaya ne mai gaskiya ba. Akwai masu ilmin zamani da za su ce maganar tsohon lulluɓi ce kawai, talauci ne aka sa wa rawani. Wannan raini ne. Mutumin da gaske yake, niyyarsa tana nan da rai, kuma ita ta hana shi ganin kansa a matsayin wulaƙantacce a ƙasar da ake kiransa Fallata ko Takaruni da sigar zagi. Amma yaron ma ya faɗi abin da yake a ƙasa. Kalmar “muna kan hanya” ta yi wa masu fili da hukuma daɗi, domin wanda ya ce shi mai wucewa ne ya sauke wa kowa nauyin ba shi fili, da makaranta, da rijiya.

Ranar da aka tambayi takarda

Dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan a 1948, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 bayan samun 'yanci, duk sun kafa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun ranar 31 ga Disambar 1897. A lissafa: jama'ar Mai Wurno a 1906 suka iso. Shekara tara ta raba su da zama 'yan ƙasa na asali, balle waɗanda suka zo a zamanin auduga. Daga baya an matso da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta kawo ta 1 ga Janairun 1956. Amma kafin nan an yi zuriya biyu ana fama. Ba jinsiyya, ba aikin gwamnati, ba mallakar hawasha cikin kwanciyar hankali. Iyaye da yawa kuma sun ƙi kai yara makarantar gwamnati, suna ganin ta Nasara ce, kuma me matafiyi zai yi da ita? Lokacin da ake raba muƙamai bayan tafiyar Turawa, babu nasu a teburin.

A daidai wannan lokaci hanyar kanta ta mutu. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano zuwa Jidda cikin sa'o'i, iyakoki suka yi tsauri, fasfo da biza suka zama dole. Da yawa daga mazauna Sudan sun samu sun sauke farali, amma da suka dawo Sudan suka dawo, don can ne gida. Wasu suka bar harshen iyaye suka narke cikin Larabawa don su huta da gori. Wasu suka yi ƙarfi a kasuwanci, da kamun kifi, da noman bakin kogi, da sufurin manyan motoci, da sana'ar agashe da ta game biranen Sudan. Bayan juyin mulkin 1989 gwamnatin masu ra'ayin Islama ta jawo su jiki da sunan 'yan'uwantakar addini, wasu suka samu takardu da muƙamai, amma hakan ya sa maƙwabta da dama suka riƙa yi musu kallon 'yan gwamnati. Ko a wannan zamanin ma, a 2008, da wata jarida ta jingina wa Shugaba Umar al-Bashir maganar da ke nuna Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, sai da aka yi zanga-zanga a Gadarif da wasu biranen gabas, shi kuma ya musanta.

Abin da na fahimta daga wannan lamari shi ne imani yana da ƙarfin tayar da jama'a, ya ba su juriya da tsari da mutunci, har su sauya tattalin arzikin ƙasar da ba tasu ba. Audugar da ta riƙe baitulmalin Sudan shekaru da yawa akwai gumin alhazan hanya a cikinta. Amma imani shi kaɗai ba ya yanke wa zai ci amfanin sauyin. Wannan doka ce take yankewa, da rajistar fili, da wanda yake zaune a majalisa. Malaman 1903 sun amsa tambayar zamaninsu da ilmi da jini. Tambayar da ta biyo baya, wato mene ne hukuncin wanda hijirarsa ta zama zama, da haƙƙinsa a kan ƙasar da ya raya, da wajibcin neman ilmin da zai kare kansa da shi, ta daɗe ba ta samu malaman da suka ɗauke ta da irin wancan zafi ba. Ga hujja kuwa a cikin littattafan da suke karantarwa kullum: babin raya mataccen fili yana nan a fiƙihun Malikiyya, Sahabban da suka yi hijira zuwa Madina kuma sun yi kasuwa, sun mallaki gidaje, ba su zauna a matsayin baƙi ba.

Jikokin ne suka ɗauki tambayar da kansu, kuma ta zo musu da tsada. A tsarin gargajiya na Sudan, ƙabilar da take da ƙasarta ita take da sarautar da hukuma ta sani, mai sarauta kuma shi yake da bakin magana a kan fili. Da Hausawan jihar Nilul Azraƙ suka nemi a ba su masarautarsu a cikin wannan tsari, wasu daga ƙabilun yankin suka ɗauki abin a matsayin yunƙurin raba su da ƙasar kakanninsu. Su ma mutane ne da suka daɗe suna shan danniya da yaƙi, kuma mafi yawansu Musulmi ne, sahu ɗaya ake tsayawa. 'Yan siyasa suka zuba wa wutar mai. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da kewayenta, aka kashe fiye da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Khartum. A watan Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, inda mamatan suka haura 200.

A watan Janairun 2023 shugabannin al'ummomin jihar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Damazin. Wata uku bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja babban birnin jihar Sinnar ta bi baya a Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe su daga baya. Mazauna kambo sun sha wuya a hannun kowane ɓangare, ana tuhumarsu da goyon bayan ɗayan. A garuruwan da 'yan gudun hijira suka cika, masallatai da zawiyoyi da tukwanen takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, su ne suke ciyar da mutane, Bahaushe da Balarabe da Bafunje ɗan ƙabilar yankin a layi ɗaya. Maganar masarauta da fili da matsayin mazauna kambo kuwa tana nan inda aka ajiye ta, tana jiran ranar da za a sami gwamnatin da za a kai wa.